Duro Biyu a Hanyar Katsina

Hajo: Salamu alaikum. Halo? Wa ke magana?

Dabo: Amin alaikumus salam. Adda Hajo, ni ne, Dabo. Wayar wani na ara, tawa ba caji.

Hajo: Dabo! Ina wuni? Ya gajiyar hanya?

Dabo: Lafiya lau, Adda. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Hajo: Da sauƙi, har tana takawa zuwa zaure. Ya kasuwa? An saida shanun?

Dabo: An saida, alhamdu lillahi. Ya ragunanki?

Hajo: Suna nan suna cinye ni. Mi ke ƙugi haka a bayanka, halan injin niƙa?

Dabo: Wane injin niƙa, teku ce! Ina tsaye a bakinta. Adda, zauna in kina tsaye. Maganarki ta tabbata.

Hajo: Wace daga ciki? Maganganuna da yawa, ba ka jin ko ɗaya.

Dabo: Ta duro-duron nan mana, ruwan ɗorawa, da masunta suka jawo a cikin koma, na turo maki hoto na ce zan ɗauko maki ɗaya ki yanka ki riƙa ba raguna ruwa.

Hajo: Na ce ko da ɗan yatsa kada ka taɓa, ka ce matar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, ita za ta koya maka kayan teku.

Dabo: To, na janye. A gaban Allah na janye.

Hajo: Mi? Ba na ji, layin na yankewa.

Dabo: Na ce na janye!

Hajo: Na ji tun farko, so nake ka maimaita. Ci gaba.

Dabo: Kai, Adda! To, na je wajen shugaban 'yan kara, masu saida shanu, na nuna mashi hoton, na ce yayata ta ce zanen nan mai kama da fanka shi ta gani a ƙofar ɗakin hoton ƙashi, ranar da ta kai Inna asibiti, har ma'aikaciyar ta kori wata mai ciki daga wurin. Direbobi suka yi ta mani dariya. Shi dai bai yi ba, ya buga waya.

Hajo: Allah ya yi mashi albarka. Sai aka yi yaya?

Dabo: Sai ga motoci. Mutanen gwamnati, sun rufe jiki da fararen kaya har fuska, sun ɗaure wurin da igiya. Akwai wata 'yar na'ura a hannunsu, suna kusantar duron ta kama ƙara, kar-kar-kar, kamar ana soya gyaɗa.

Hajo: Inna lillahi! Mi suka ce yana ciki?

Dabo: Sharar nukiliya, in ji su. Wani jirgi ne ya zo ya juye ta a teku ya yi gaba, ba a san ko na wace ƙasa ba ne. Babbansu ya ce abin ba wari, ba ɗaci, ba a ganinsa, amma yana ratsa jiki ya ci jini. In ya tsiyaya a ruwa kifi ya ɗauka, mutum ya ci kifin. Wai jikokin jikokinmu za su mutu su bar shi da ƙarfinsa.

Hajo: Marasa tsoron Allah! Mutum ya share gidansa ya zuba a mashayar jama'a? Dabo, tsaya. Kai fa? Ka taɓa?

Dabo: Ban taɓa ba. Sun jera mu sun bi mu da na'urar ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina shiru ta yi, ko tari.

Hajo: Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Inna! Inna, autanki lafiya lau! Tana ɗaki, tana cewa mi ya same ka da ma, ban gaya mata komai ba.

Dabo: Amma wani masunci da ya sa guduma ya fasa ɗaya yana asibiti, hannuwansa duk sun sale. An hana kamun kifi a wajen gaba ɗaya, mata na ta kuka, shi ne abincinsu.

Hajo: Wayyo, bayin Allah. Allah ya ba shi lafiya.

Dabo: Amin. Sai dai Adda, akwai abin da ya hana ni cin abinci. Da suka ƙirga, biyu babu. Sammani direba, na Ƙofar Guga, ya loda su a tirelarsa tun kafin jami'an su iso, ya kamo hanyar gida. Na kira, na kira, ba ya ɗauka. Ƙungiyar direbobi ta kira, ya ce baƙin ciki ake mashi. Gida zai kai su, Adda, cikin gari!

Hajo: Uhm.

Dabo: Uhm? Abin da za ki ce ke nan? Ki tashi ki sami mai unguwa, ki sami kowa, a tare shi kafin ya...

Hajo: Ka gama? Sammani na nan zaune a gindin bishiya, gaba da Mokwa kaɗan. Duro biyun kuma suna hannun masu fararen kayanka.

Dabo: Halo? Mi kika ce?

Hajo: Yanzu kai ne ba ka ji? Na ce an karɓe su!

Dabo: Allahu akbar! Wa ya tare shi? 'Yan sanda?

Hajo: Yo ɗan sandan da zai tsaida Sammani an haife shi? Uwarsa ta tsaida shi.

Dabo: Gwaggo Mairama? Tsohuwar da sai an kama mata hannu?

Hajo: Ita fa. Jiya muna gidan suna a Kambarawa, na ji tana ba mata labari, wai ɗanta na tafe da duro biyu sababbi, ruwan ɗorawa, tsintuwar bakin teku, zai yi sadaka da su ladan ya kai ga mahaifinsa. Ina jin ruwan ɗorawa na aje kwanon waina. Na ciro hoton da ka turo na ce, Gwaggo, irin wannan? Ta ce ita ina ta sani, bari a kira shi. Aka kira, ya ce su ne, har da 'yar fankar a jiki, wai ado ne.

Dabo: Ado! Sammani ke nan.

Hajo: Na durƙusa na yi mata bayani iyakar abin da na sani. Na ce Gwaggo, ni ba likita ba ce, amma wurin da aka liƙa zanen nan ba a barin mai ciki ta tsaya. Sai ta ce a sa mata wayar a kunne.

Dabo: Ta ce mi? Don Allah faɗa mani yadda ta faɗa.

Hajo: Ta ce, Sammani, kana ina? Ya ce yana tuƙi. Ta ce, taka birki. Ya fara, ai Gwaggo, mahassada ne. Ta ce, ban tambaye ka ba. In tayar motar nan ta ƙara juyawa da kayan nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba. Dabo, muna jin ƙarar birkin ta cikin waya! Gidan suna ya kaure da guɗa, har mai jego ta leƙo.

Dabo: Kai! Kai! Abin da ƙungiya guda ta kasa!

Hajo: Ta ce ya sauka ya yi nesa da motar, ya zauna inda yake har sai ta ce ya tashi. Mijin maƙwabciyarmu Ramla da ke aiki a sakatariya shi ya san wanda za a kira. Da safen nan jami'ai suka isa, suka kwashe, suka auna shi. Sun ce nasa ba su tsiyaya ba, amma zai je asibiti a ƙara dubawa.

Dabo: To mi ya zaunar da shi har yanzu?

Hajo: Gwaggo ba ta ce ya tashi ba! Ta tafi gaisuwar rasuwa Batagarawa ta bar wayar a gida. Jami'ai na lallashinsa, ya ce ko gwamna ne ya zo, sai ya ji daga bakinta.

Dabo: Wayyo cikina! Adda, bari, mutane na kallona ina dariya ni kaɗai. Wallahi in na dawo sai na yanka maki kaza.

Hajo: Kaza? Duk wannan aikin? To, ka daina dariya, akwai saura. Ka san inda ya yi niyyar kai sadakar?

Dabo: Masallaci halan?

Hajo: Islamiyyar bayan gidanka. Randarsu ta fashe, shi ne ya ce zai sa mai walda ya yanke bakin duron, a wanke, a riƙa zuba wa yara ruwan sha. Malam har ya sa an share wurin da za a girka su, a ƙofar ajin su Zainab ɗiyarka.

Dabo: Ajin su Zainab...

Hajo: Dabo? Halo? Layin ne?

Dabo: Ina ji.

Hajo: To yi magana mana. Ba abin da ya faru, ga ta can tsakar gida tana fama da raguna, ta dawo da yunwa ta cinye mani tuwo.

Dabo: Adda, ba ta wayar.

Hajo: Hannunta duk dusa ne, bari ta...

Dabo: Ba ta haka nan. Mai wayar na miƙo hannu, ya ce katinsa ya kusa. Muryarta kawai zan ji.

Hajo: Zainab! Ke Zainab, yar da kwanon nan ki rugo, Babanki ne! Yi sauri! Ga ta nan, Dabo, ga ta, riƙe...

Zainab: Baba? Baba, ka taho mani da kifi?