Igiyar da zan kai wa kwamitin kwaleji

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Baba Sale ne daga Catford. 'Yata ke rubuta mini, ni ban yi boko ba.

Shekarar korona aka ba Koci Danladi ƙungiyar ƙwallon kwalejin unguwarmu. Yanzu kwamiti zai sallame shi, wai bai ciyo kofi ba. To, ni igiya gare ni. Duk yaron da kocin ya riƙe har ya kammala karatu, sai in yi ƙulli ɗaya a jikinta. Jikana Habibu, da ya so barin makaranta, shi ne ƙulli na uku.

Shugaban kwamiti ya ce mini, "Baba, igiya ba hujja ba ce."

Masu sauraro, ashe kofi ya fi yaro? Gobe da safe zan hau bas, in shimfiɗa igiyar a teburin shugaban, in faɗa masa sunan kowane ƙulli.