Baba ya auna wa kansa magani irin awon shanu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hauwa daga Zinyau. Don Allah ka karanta wannan jama'a su ji.

Mahaifina makiyayi ne, shi ke yi wa shanunsa allura. Da ido yake auna magani: babban sa a ƙara masa, maraƙi a rage. Da ciwon gwiwa ya matsa masa, likita ya rubuta masa ƙwaya ɗaya safe, ɗaya yamma. Baba ya ce, “Wannan awon 'yan birni ne, ni ƙato ne.” Ya koma shan uku-uku, ko karyawa bai yi ba.

Gaskiya maganin ya yi aiki, har ya koma gona, muna ta murna. Wata Juma'a yana cikin alwala sai ga aman jini.

A asibiti likita ya ce maganin ne ya ci masa ciki. Ya ce tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa tazarar kaɗan ce, kuma yanzu illarsa ga Baba ta fi amfaninsa. Ya hana shi sha kwata-kwata.

Yau a zaune Baba yake salla. Kullum da safe sai ya kira ni: “Hauwa, ƙwaya ɗaya tak, in yi sujada kamar kowa.” Ragowar maganin na kulle a akwatina. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Da wane baki zan ci gaba da ce wa mahaifina a'a?