Kwamfutar da Yaya Hafsat Ta Bar Mini

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. Sunana Nafisa, daga Dutsi. Kunya ta hana ni kira, shi ya sa na rubuto.

A gidanmu ba a ba yarinya waya sai ta gama sakandare, ni kuwa bana na shiga. Tun da Yaya Hafsat ta tare a Damagaram, a wayar Baba nake jin muryarta, yana tsaye a kaina. Sai in ce "lafiya lau", in miƙa masa.

Ta bar mini tsohuwar kwamfutarta ta tebur. Baba ya ce in na iya haɗa ta da intanet, in riƙa rubuta mata. To na'urar intanet ɗinmu ba ta da wurin soka igiya, kwamfutar kuma sai da igiyar intanet take kamawa. Na jera su, har na ɗora ɗaya kan ɗaya, shiru. Inna ta ce, "Ke Nafisa, kwancin ƙwai kika sa ta?"

Don Allah, me zan sa tsakaninsu?

Yaya Hafsat, in kina ji, ba "lafiya lau" kaɗai ke bakina ba. Labari ya taru, ina kewarki.