Wanda Za a Kira

A ɗakin jira na ofishin biza, inda kujeru suka fi ma'aikata fara'a, wata budurwa ta ari biro a wurin dattijon da ke kusa da ita.

"Karatu za ki, 'yata?"

"Eh, Baba. Kwas ne na harkar kuɗi a wata jami'a, lokacin hutu. Sati shida kacal."

"Sati shida! Ni shekara saba'in ina wannan karatun, har yau ban wuce darasin babu ba."

Ta yi dariya. "Ku fa, Baba?"

"Ɗana zan je gani, in sun yarda. Zuwana na uku ke nan. Shi ma sati shida ya ce mini. Bana shekara tara."

"Ai dai yana kira?"

"Yana turo kuɗi. Karatun ya zauna masa sosai." Ya leƙa takardarta. "Kin tsallake layi ɗaya."

"Na gani. Wai wanda za a kira in wani abu ya same ni. Kuma ba sa karɓar takarda sai an cike ko'ina."

"Iyayenki fa?"

"Sun rasu. Kawuna kuwa ya ce in na hau jirgi kada in ƙara nemansa."

Dattijon ya laluba aljihu ya ciro wayarsa.

"Rubuta lambata. Kullum a kunne take, kuma babu mai tare layin. In kin sauka, ki gwada ta ko sau ɗaya, mu tabbatar har yanzu tana ƙara."