Mai Jan Takobi na Tarai

A tashar Rano, wani baƙo ya tsura wa hoton jarumin wani fim ɗin katun na Japan da ke jikin babur ɗin Munzali ɗan acaɓa ido.

"Ɗan'uwa, wannan maci amanar ka liƙa?"

"Wa? Mai Jan Takobi? Ai duk Tarai da sunansa ake kirana!"

"To ba ka ga ƙarshen fim ɗin ba. Malaminsa ya yanka."

Munzali ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Tsohon da ya raine shi?"

"Wallahi. Yana barci ma."

Munzali ya waiwaiga, ya rage murya. "Don girman Allah, maganar nan ta tsaya nan. Ina za ka, in kai ka?"

"Tarai. Mai tura finafinai a waya zan kai wa ragowar fim ɗin."