Zuwa Shida Likita Ta Ce, Na Tsaya a Uku

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaya, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare nan Haɗejiya. Waɗanda suka san ni kuwa na ga kuna kallon juna, don kun tuna bara a daidai wannan wurin na tsaya na ce na warke. To, waccan shaidar na zo gyarawa, kuma da haushin kaina na zo.

Shekara ashirin da biyu ina zana wa yara abu ɗaya a allo. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne. Ƙwaya takan girma, ta kwafi abin da ke cikinta, ta rabu biyu, biyun su zama huɗu. Da haka jariri ke girma, da haka rauni ke warkewa. Idan aiki ya cika sai ta tsaya ta huta. Wadda ta ƙi tsayawa, ta yi ta rabuwa ba ji ba gani, ita ce ciwon daji. Na sha korar yaro waje don ya kasa faɗin wannan.

Amma da ƙari ya fito mini a wuya, ina na je? Wurin wanzami! Ni, mai alli a hannu. Ya kafa mini ƙaho, ya ce mataccen jini ne, na yi godiya na dawo gida. Matata Rifkatu ta yi magana har ta gaji. Sai da maɓallin wuyan rigata ya daina rufuwa na yarda muka tafi asibiti a Kano.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Bayan gwaji ta ce daji ne, amma irin wanda yake jin magani. Ta ɗauki takarda ta fara zana mini ƙwaya tana rabuwa. Ta yi bayani cewa maganin yana kama ƙwayoyin da ya tarar suna cikin rabuwa ne, waɗanda suka kwanta hutu a ranar sukan tsira, shi ya sa za a yi mini ƙarin ruwa sau shida, mako uku-uku, don a riske su idan sun farka. Na katse ta na ce ai darasina ne. Ta ce to madalla, ba sai ta maimaita ba.

Kai, maganin nan! Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, tuwo ya koma kamar ƙasa. Ko wannan ma na san dalilinsa, ƙwayoyin gashi da na baki su ma masu saurin rabuwa ne. Sanin bai rage mini amai ko ɗaya ba.

Bayan zuwa na uku na shafa wuya na ji wayam. Ran Lahadi na fito nan na ce Yesu ya gama aiki, ba ni ba asibiti. Kuka yi tafi, zumuntar mata suka ɗauki waƙa. Rifkatu kaɗai ba ta tafa ba. A gida ta ajiye mini katin asibiti a kan Littafi Mai Tsarki, ni kuwa na ce mata ƙarancin bangaskiya ke damunta. Yau a gabanku zan faɗi gaskiya: ba bangaskiya ba ce ta tsayar da ni. Tsoron allurar nake yi, sai na sa wa tsoron rigar coci.

Bayan wata huɗu ƙarin wuyan ya dawo, har da ƙaninsa a hammata. Na ɓoye. Da wane ido zan dube ku?

Ina da 'yar gonar shinkafa a fadama wajen Kirikasamma, iyaka ɗaya da Malam Bukar, dattijo Musulmi da muka daɗe muna zaman mutunci. Ciyawar kachalla ta toshe mana hanyar ruwa, muka shiga da lauje da hantsi. Ni don sauri sai nake fille kanta daga sama. Malam Bukar ya tsaya yana kallona, ruwa har ƙugunsa.

"Malam Ishaya, aski kake mata," in ji shi. "A ƙarƙashin ruwa ake yanka ta. Kuma ba sau ɗaya ba. Ka ga fili ya yi fes ka tafi, ita tana ƙasa tana jiranka. In ta sake tsirowa ka dawo, ta sake ka dawo, har ta gaji."

Na dakata da yankan. Abin da likita ta zana mini ke nan, abin da ni kaina nake zanawa a allo, sai ga shi mutumin da bai taɓa zama ajina ba yana karanta mini shi a cikin taɓo. Takaici ya kama ni har na rasa wanda zan yi wa faɗa.

A nan cikin ruwan na yi addu'a, kuma ba mai daɗin ji ba ce. Na ce, Ubangiji, ka ba ni ilimi na zauna a kansa, ka ba ni likita na raina ta, ka ba ni mata na kira ta marar bangaskiya, na kuma yi ƙarya da sunanka a gaban jama'arka. Ka gafarta mini, ka ba ni ƙarfin komawa. Ban ji murya daga sama ba. Kunyar da ta hana ni motsi ce kawai ta sake ni.

Da na isa gida, Rifkatu ta dubi wuyana ta miƙo mini katin. Ashe ta daɗe da gani.

Likita ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce yanzu sai magani mai ƙarfi fiye da na farko, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na sha wuya ninkin ta da, duk a kan taurin kaina. Amma na je kowane zuwa, har na ƙarshe. Hoton da aka ɗauka watan jiya bai nuna komai ba. Za a ci gaba da duba ni, kuma zan je. Yabo ya tabbata ga Yesu, wanda bai biya ni daidai da wautata ba!

'Yan'uwa, ku dogara ga Ubangiji da dukan zuciya. Shi ya tsara yadda ƙwaya ke rabuwa, shi ya ba likita sanin lokacin kama ta. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Ranar da kuka tafa mini, ban san wa ya koma gida ya ajiye nasa maganin saboda bakina ba. In kana nan, ko kina nan, a same ni a bakin ƙofa bayan an tashi sujada. Ni zan raka ka asibiti da ƙafata.

Na gode wa Allah. Amin.