Shekara Arba'in a Bakin Gada

Kun ga ana kwashe littattafai daga laburaren garinmu, kuka kau da kai. Takardar ƙorafi ɗaya tak ke sauke littafi daga kantar littattafai har kwamiti ya zauna. Ranar Asabar ina kan layi a can, wata direbar bas ta leƙa takardar da ke hannun wani dattijo.

"Baba, littafin matsafan nan biyu za ka sa a cire? Wata uku ina jiran sa."

"Tsafi ne a ciki, 'yar nan."

"Kanta guda cike da tsafi da dodanni, ba ka ga ko ɗaya ba sai wannan?"

"Maza ne biyu, kuma sun sumbaci juna. Shafi na ɗari biyu da sha biyu."

"Har shafin ka haddace?"

"Sau uku na karanta. Ba na ƙorafi a kan jita-jita."

"Sannu da ƙoƙari. To, me ya fi ɓata maka rai?"

"Ƙarshen. Ƙarya ce zalla. Wanda ya bar ka a bakin gada shekara arba'in ba ya dawowa, ko da wane irin tsafi."

"Baba, shekara huɗu aka rubuta a bangon littafin."

Dattijon ya daɗe yana kallon takardar. Duk da haka ya miƙa ta.

Kwamiti zai zauna ranar Talata. Ku je ku cika kujerun nan, ku ce a mayar da littafin kan kanta, ko don dattijon nan ya karanta karo na huɗu.